Kwalkwalin Kallo da Lafiyar Ido: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Ya Shigo Azuzuwanmu



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamaina da ke sahun gaba, shugabannin makarantu da suka taso daga Gwarzo da Getso da Kutama, da na Kabo da Garo, 'yan'uwa ma'aikatan lafiya, ƙannena ɗalibai maza da mata, barkanmu da war haka.

Batun da aka ɗora mini yau ya shafi wata na'ura da ake ɗaurawa a ka, ta rufe idanu ruf. A cikinta akwai ƙaramin allo irin na waya, da ruwan tabarau guda biyu, kowane ido da nasa. Da mutum ya sa ta, sai ɗakin da yake ciki ya ɓace masa, ya tsinci kansa a wani wuri da kwamfuta ta zana ko kyamara ta ɗauko. Ya waiga dama ya ga abin da ke dama, ya ɗaga kai ya ga rufi ko sararin sama. Samari suna kiranta da haruffa biyu, VR. Ni a wannan zama zan ce mata kwalkwalin kallo.

Na san akwai mai cewa a ransa: mu da har yanzu wasu yaranmu ke karatu a ƙasa, ina ruwanmu da kayan wasan 'ya'yan Turawa? Tambaya ce mai kyau. Amma a tuna, lokacin da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, layi kaɗai sai mai hannu da shuni. Yau mai sayar da rake a tasha ma ta waya ake tura masa kuɗi. Kwalkwalin nan kuma ya riga ya shigo Najeriya. A 2016 Judith Okonkwo ta buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a Legas mai suna Imisi 3D. A 2019 Joel Kachi Benson ya ci kyauta a bikin fina-finai na Banis, a Italiya, da fim ɗin da ya yi a kan iyayen 'yan matan Chibok, fim ɗin da sai da wannan na'ura ake kallonsa. A ƙarshen 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta nuna wani shiri da ake ganin Hajarul Aswad da shi ta kwalkwali, har malamai suka fito suka yi bayani cewa kallo ba ya zama aikin Hajji, sai dai ya yi amfani wajen bita. Ƙungiyar Orbis mai yaƙi da makanta tana koya wa likitoci aikin cire yanar ido da shi kafin su taɓa idon mutum. Ga kuma babbar makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnatin tarayya a nan Kabo. Saboda haka ranar da za a sauke kwalaye a harabar wata makarantarmu, ko daga gwamnati, ko daga ɗan majalisa mai aikin mazaɓa, ko daga wata ƙungiya, ba ta da nisa.

Abin da nake gudu shi ne abin da zai biyo bayan ɗaukar hoto da tafi. Yara za su yi layi. Wasu su sa su cire suna murna. Wata yarinya ta cire tana dafe da goshi. Wani yaro ya fita waje ya yi amai. Malami ya ce ragwanta ce, wata uwa ta ce iska ce a cikin abin, shugaban makaranta ya ga rigima na neman tasowa ya kulle kayan a sito, gara da ƙura su gama da su. Alhali yaran nan ba rago a cikinsu, kuma babu aljani a cikin akwatin. Na'ura ce da ba ta zauna daidai da idon wanda ya sa ta ba, kuma yawancin dalilan an san su, an auna su, wasu ma da rula ta naira ɗari ake maganinsu.

Bari mu fara da ido shi kansa. Ina roƙon kowa, har iyayenmu in ba su ga rashin ladabi ba, ya miƙe hannu ya ɗaga babban yatsa. Ku kalli farcen. Yanzu ku riƙa jawo shi a hankali zuwa hanci, kada ku ɗauke ido. Kun ji wani ja a cikin idanu? Wanda ke kusa da ku zai ga ƙwayoyin idonku suna karkatowa ciki, suna neman haɗuwa a kan hanci. Ku lura kuma, ni da nake tsaye a nan na zama dishi-dishi, wataƙila ma na zama mutum biyu. To, ayyuka biyu ne idanunku suka yi a lokaci guda. Na farko, tsokokin da ke juya ƙwayar ido sun karkato da idanun biyu su fuskanci abu ɗaya. Na biyu, akwai ruwan tabarau na halitta a cikin kowane ido, da wata 'yar tsoka zagaye da shi. Idan abu ya matso sai tsokar ta matse, shi kuma ya ƙara kauri domin hoton ya fito tar. Tun muna goye waɗannan ayyuka biyu suke tafiya tare, har ƙwaƙwalwa ta ɗaure su da igiya ɗaya: ka ja ɗaya, ɗayan ya biyo.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir wajen shekarun 1011 zuwa 1021. A ciki ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido, kuma ya yi gwaje-gwaje a kan yadda idanu biyu suke ganin abu ɗaya, da lokacin da suke ganinsa biyu. A 1838 wani Baturen Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa idan aka ba kowane ido hotonsa daban, masu ɗan bambanci kaɗan, ƙwaƙwalwa za ta haɗa su ta ga abu mai zurfi da tudu. A 1968 Ivan Sutherland a Amurka ya haɗa dabarar da kwamfuta, ya ƙera kwalkwali na farko, wanda aka rataye shi da ƙarfe daga rufin ɗaki. Duk na yau jikokin wannan ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Allon da ke cikin kwalkwali bai fi tsawon ɗan yatsa daga ido ba, kuma babu idon da zai iya karanta abu a wannan kusanci. Shi ya sa aka sa ruwan tabarau a tsakani, ya lanƙwasa hasken ya zama kamar daga nesa yake zuwa, galibi tsakanin mita 1 da mita 2. Wannan nisa a kafe yake, ba ya motsi. Amma hoton da ake nunawa yana iya cewa ga dutse can a nisan kilomita, ko ga kwalbar gwaji a tafin hannunka. Idan kwalbar ta matso kamar santimita 30, idanu za su karkato ciki kamar yadda suka yi wa yatsa ɗazu. Tsokar cikin ido ma za ta so ta matse, domin haka ta saba. Da ta matse sai hoto ya dushe, tunda hasken daga mita ɗaya da wani abu yake zuwa. Sai ƙwaƙwalwa ta tilasta mata ta saki, alhali idanun suna karkace. Minti biyar ba komai. A yi rabin awa ana wannan ja-in-ja, sai ciwon goshi, da nauyin ido, da ganin abu biyu-biyu. A 2008 Martin Banks da David Hoffman da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya ta Bakli suka ƙera wani allo na musamman da za su iya kunna wannan saɓani su kashe shi yadda suka so, suka nuna cewa shi kaɗai ya isa ya gajiyar da ido ya kuma rage saurin gane abu.

A nan dattawa sun fi samari sa'a, abin da ba kasafai ake samu ba a harkar na'ura. Daga shekara 40 zuwa sama ruwan tabarau na cikin ido yana fara taurara, shi ya sa za ka ga malam yana miƙar da takarda nesa kafin ya karanta. Wanda idonsa ya riga ya daina wannan matsewa, saɓanin bai cika damunsa ba. Har ma yakan yi mamaki, ya ga yana karanta rubutu a tafin hannunsa a cikin kwalkwali ba tare da gilashin karatu ba. Yaro mai shekara 14 kuwa, wanda tsokarsa ke da ƙarfi, shi ne zai sha wuya.

Injiniyoyi suna neman mafita. A 2018 masu bincike na kamfanin Oculus, wanda Facebook ya saya a 2014 a kan kimanin dala biliyan 2, suka nuna wani samfuri mai suna Half Dome. Akwai 'yan kyamarori a ciki masu bin ƙwayar ido su gane inda mutum yake kallo, sai injin ya matsar da allon gaba ko baya domin nisan hasken ya dace. Daga baya suka gwada ruwan tabarau na lantarki mai sauya ƙarfi ba tare da wani abu ya motsa ba. Dabarar tana aiki a ɗakin gwaji, amma kwalkwalin da ake sayarwa da yawa a kasuwa, har da Vision Pro na kamfanin Apple da ya fito a 2024 a kan dala 3,499, nisan haskensu a kafe yake. Don haka maganin da ke hannu yana wurin mai tsara darasi. Ya ajiye rubutu da duk abin da za a daɗe ana kallo a nisan mita ɗaya zuwa uku, kada ya riƙa cusa wa yaro abu a hanci don burgewa. Ɗalibanmu masu koyon rubuta manhaja, ku riƙe wannan. Ba ya cin ko kwabo.

Yanzu ga abin da na fi so mu daɗe a kansa, domin shi ne ya fi sauƙin gyara kuma shi aka fi mantawa. Duk wanda ya taɓa sayen hula ya san ba a cewa a ba ni hula kawai. Sai an faɗi lamba, 22 ce ko 23, in ba haka ba ko ta matse ka ko ta rufto maka a kunne. Idanu ma suna da lamba: tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙwayar idon dama da ta hagu. A manya, matsakaicinta milimita 63 ne, amma ana samu daga wajen 50 har zuwa 75. Mata a jimlace tasu ta fi ta maza ƙanƙanta, yara kuma tasu ta fi ta kowa. Ruwan tabarau na kwalkwali yana da wani ɗan wuri a tsakiyarsa inda hoto ya fi fitowa sosai. Idan tsakiyar nan ba ta faɗa daidai kan ƙwayar ido ba, hoto zai ɗan dushe, girman abubuwa ya sauya, idanu kuma su riƙa ja ciki ko waje domin su haɗa hotuna biyun. Mutum ba zai san abin da ke damunsa ba, sai dai ya ce kansa na sarawa.

Kwalkwalin Quest 2 da ya fito a 2020, wanda aka sayar da shi da yawa a duniya kuma irinsa ne zai fi saurin isowa gare mu a matsayin na hannu, matsayi uku kawai yake da shi: milimita 58, da 63, da 68. Yarinyar da tazarar idonta 54 ce, babu lambarta a ciki. An daɗe ana cewa mata sun fi maza jin jiri a cikin kwalkwali, har ana ɗauka halitta ce. A 2020 Kay Stanney da abokan aikinta suka wallafa wani bincike da ya nuna cewa babban dalilin shi ne na'urar ba ta matsowa ta dace da idanun mata da yawa. Da aka ba su wadda ta dace, bambancin ya kau. A nan ina so shugabannin makarantun 'yan mata su buɗe kunne. Idan aka kawo kaya aka ga ɗalibanku sun fi ƙorafi, kada a ce su ne ba su da juriya. A tambayi lambar.

Awon kuma ba wuya. Ka tsayar da yaro gabanka, ka ce ya kalli wani abu can nesa ta saman kafaɗarka. Ka ɗora rula a kan karan hancinsa, ƙarƙashin gira. Ka rufe idonka na dama, ka daidaita sifiri da tsakiyar ƙwayar idonsa da ke fuskantar idonka na hagu. Sannan ka buɗe na dama ka rufe na hagu, kada ka motsa kai, ka karanta lambar da ta faɗa a tsakiyar ɗaya ƙwayar. A maimaita don tabbatarwa, a rubuta a gaban sunansa a rajista. Aji guda ba zai ci darasi biyu ba. Alƙaluman da masana'antu suka daɗe suna dogara da su, da yawansu daga awon sojojin Amurka na 1988 aka samo su, kamar yadda Neil Dodgson na Jami'ar Kambirij ya tattara a 2004. Ga aikin bincike a kwance ga ɗaliban Kabo da na sashen nazarin gani na Jami'ar Bayero: a zaga makarantun ƙananan hukumomin nan biyu, a auna yaranmu, a fitar da lambobinmu. Ranar da za a sayi kaya sai a ɗora takardar a kan tebur.

Sai maganar gilashi. Kwalkwali ba ya gyara idon da ke buƙatar tabarau. Yaron da ba ya ganin allon aji daga kujerar baya, a ciki ma dishi-dishi zai gani, domin hasken kamar daga mita ɗaya ko biyu yake zuwa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba. A raunin gani wanda bai kai makanta ba kuwa, rashin gilashin da ya dace ne babban dalili. Kuma kun san halinmu. Yaro ya sa gilashi a ce yana iyayi, budurwa ta sa a ce za ta kori manema. Malamai a nan sun san ɗaliban da ke runtse ido suna kwafa daga littafin na kusa. Wanda yake da gilashin ganin nesa ya shiga da shi. Yawancin na'urorin suna zuwa da wani ɗan zobe da ake ƙarawa don gilashi ya samu wuri, kada a jefar da shi tare da kwali. Wanda ba a taɓa duba idonsa ba, a duba shi tukuna. Ni a ganina, duk kasafin da aka yi na sayen kwalkwali ashirin, gara a sayi goma sha biyar, ragowar kuɗin a kawo ma'aikacin ido ya duba yaran. Ko na'urorin sun lalace bayan shekara biyu, gilashin yana nan a fuskar yaro.

Tashin zuciya kuma daga wani wuri yake fitowa, ba daga ido kaɗai ba. Can cikin kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya juya, ko jiki ya yi gaba, ko ya karkata. Duk wanda ya taɓa shiga kujerar baya ta motar haya daga Gwarzo zuwa Kano, ya sunkuya yana karanta saƙo a waya, ya san abin da ke faruwa kafin a kai Rimin Gado. Ido yana cewa a zaune muke, kunne yana cewa ana gudu ana kwana. A cikin kwalkwali abin juyewa yake yi: ido ya ce muna tafiya, kunne ya ce ƙarya ne, a kan benci muke. Akwai wani masani, Michel Treisman, da ya kawo ra'ayi a 1977 cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar irin wannan ruɗani a matsayin alamar an ci guba, shi ya sa take umartar ciki ya fitar da abin da ke cikinsa. Ra'ayi ne, amma ya zauna da kyau.

Injiniyoyi sun ci nasara sosai a wannan fanni, kuma da lissafin lokaci suka ci ta. Idan ka juya kai, dole hoto ya juya tare da kai cikin ƙasa da kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, in ba haka ba duniyar za ta riƙa biyo ka a makare kamar tana iyo. Shi ya sa Oculus Rift da HTC Vive da suka fito a 2016 suke sabunta hoto sau 90 a kowace daƙiƙa. Sun kuma gano cewa kada a bar hoton a kunne tsawon lokacinsa duka. A haska shi na ɗan ƙiftawa, a kashe, a jira na gaba, domin kada ya shafe a ido lokacin da kai ke motsi. Kamfanin Nintendo ya riga ya sha darasi tun 1995 da wata na'ura mai suna Virtual Boy, mai jan hoto a kan baƙi, wadda ƙorafin ciwon kai ya bi ta ko'ina. Ba ta yi shekara guda cur a kasuwa ba.

A nan zan ja kunnen samari. Akwai wani na roba mai araha da ake zura waya a ciki, ana samunsa a kasuwannin waya. Asalin dabarar daga Google ce, da kwalinta na 2014, kuma ita kanta ta daina harkar. Da yawa daga cikin wayoyin da ke aljihunmu sau 60 suke sabunta hoto a daƙiƙa, wasu ma ba su da na'urar da ke jin juyawa da kyau. Kuma ko mai kyau ce, juyawar kai kawai take bi. Idan ka matsa gaba ko ka leƙa gefe, duniyar gaba ɗaya sai ta biyo ka. A kalli gajeren bidiyo da shi a zaune, ba laifi. Amma kada wani ɗan kwangila ya kawo irinsa makaranta ya ce ya kawo ɗakin gwaji na zamani.

Sauran maganin jiri yana hannun mai tsara shiri da malamin aji. Kada a ja mutum a guje a cikin hoto yana zaune. A bar shi ya nuna inda yake so, hoto ya ɗauke, ya buɗe a can. Kada a karkatar da sararin sama. Idan tafiyar dole ce, a rage faɗin abin da ake gani ta gefe-gefe a lokacin motsi, dabarar da masu bincike a Jami'ar Kolambiya ta Amurka suka gwada a 2016 ta yi aiki. Darasin farko ya zama na tsayuwa wuri ɗaya ana waige-waige, kamar kallon cikin zuciyar ɗan Adam ko harabar Ka'aba, ba lilo mai juyi ba.

Akwai kuma abubuwan da wanda ya ƙera na'urar a ɗaki mai sanyi bai yi tunaninsu ba. Apple ya rubuta cewa a yi amfani da nasa a yanayin da bai wuce digiri 30 ba. Ku gaya mini, wane aji ne a Gwarzo yake ƙasa da 30 da azahar a watan Afrilu? Na'urar tana ɗaukar zafi, fuska tana gumi, soson da ke manne da fuska ya jiƙe, ruwan tabarau ya yi hazo. Don haka darasin kwalkwali na safe ne. Da hunturu kuma ga ƙura da bushewar iska. Mai ƙura wa allo ido yana rage ƙiftawa sosai ba tare da ya sani ba, hawayen da ke jiƙa ido ya bushe, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. A riƙa tuna wa yara su ƙifta. Kada a goge ruwan tabarau da gefen riga ko hijabi, domin na roba ne, ƙurar da ke kai za ta karce shi, kuma karce ɗaya a gaban ido ba ya gyaruwa. A hure ƙurar tukuna, a goge da ƙyalle mai laushi, a mayar cikin jaka. Kada kuma a bar shi a bakin taga ko a fito da shi tsakar gida a ajiye a buɗe. Ruwan tabarau yana tattara hasken rana wuri ɗaya, cikin ƙanƙanin lokaci ya ƙona allon ya bar tabo na har abada.

Nauyi ma abin dubawa ne. Quest 3 ya ɗan haura giram 500, na Apple na 2024 ya kai 600 zuwa 650, kuma yawancin nauyin a gaba yake, yana jan wuya. Madauri mai tauri da ke rungumar ƙeya ya fi na roba mai talewa. 'Yan mata masu hijabi da ɗaurin gashi a baya, madaurin yakan zame, na'urar ta sauko kan kumatu, tsakiyar ruwan tabarau ta kauce wa ido, mu koma matsalar ɗazu. Malama mace ta tsaya ta daidaita wa kowace, a ba ta lokacin yin hakan.

Babbar barazana a wurina ita ce karɓa-karɓa. Na'ura ɗaya, fuska arba'in. Duk mun san yadda apolo ke cinye unguwa cikin mako guda, kuma amosanin ido, wanda aka daɗe ana yaƙi da shi a Arewa, ta hannu da ƙyalle da ƙuda yake yaɗuwa. Soso yana shan gumi da hawaye da kwalli. A saya wa kowace na'ura murfin roba wanda ake gogewa, a goge shi tsakanin ɗalibi da ɗalibi, a wanke hannu. Mai jan ido ko kwantsa ya haƙura sai ya warke, ko ɗan shugaban makaranta ne.

Game da shekaru, kamfanin Meta mai ƙera Quest ya daɗe yana cewa sai ɗan shekara 13, a 2023 ya sauko zuwa 10 bisa kulawar iyaye. Sony ya ce kada ɗan ƙasa da 12 ya sa nasa. Ni zan tsaya a sakandare. 'Yan firamare ba a yi musu wannan kaya ba, ko don girman fuskarsu. A fara da minti biyar zuwa goma, a cire, a kalli nesa ta taga. Wanda ya ji zufa mai sanyi, ko hamma ta yi masa yawa, ko yawu ya taru a bakinsa, ya cire nan take, kada a ce ya daure. Dauriya a nan ƙara ciwo take, kuma takan sa mutum ya tsani abin gaba ɗaya. Mai farfaɗiya sai da izinin likita, domin walƙiyar haske tana tayar wa wasu. Wanda ya cire yana jin jiri kuma kada ya hau babur ko keke sai ya dawo daidai.

Akwai yaro ɗaya da nake so malamai su sa wa ido. Shi ba ya amai, ba ya kukan ciwon kai. Sai dai idan abokansa suna ihu suna kai hannu su kama abin da ke shawagi a gabansu, shi yana tsaye yana cewa bai ga wani abin mamaki ba, hoto ne kawai kamar talabijin. Ko kuma ka ga yana rufe ido ɗaya. Mai yiwuwa idanunsa biyu ba sa aiki tare: ko yana da harara-garke, ko da kaɗan ne wanda ba a lura ba, ko ido ɗaya ya yi rauni tun yana ƙarami har ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi. Irin wannan rauni, gwargwadon saurin gano shi gwargwadon saurin gyaruwarsa. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Luminopia, inda yara 'yan shekara 4 zuwa 7 suke kallon shirye-shirye a cikin kwalkwali bisa umarnin likita, ana rage wa ido mai ƙarfi hoto domin mai raunin ya tashi. Mu a nan abin da ke hannunmu shi ne mu gane yaron, mu kira mahaifinsa, mu rubuta masa takarda zuwa babban asibitin Gwarzo. Idan abin ya fi ƙarfin nan, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A duba ƙannensa ma da ke gida, domin abin yakan bi jini, kuma su ne suke kan shekarun da magani ya fi kama su.

Mai girma shugaban taro, na ga ana ɗaga mini agogo. Na zo da rula, duk mai son sanin lambar idonsa ya same ni bayan tambayoyi.